Aikin Da Babu Wanda Ya Roƙa A Ba Shi: Nazarin Wata Tafiyar Bishara Daga Zariya Zuwa Jihar Maradi

Kafin juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 ya sa a rufe kan iyaka, wata ikilisiya a nan Zariya ta tura ƙaramar tawaga zuwa wani ƙauye a jihar Maradi, cikin watan Agusta, damina ta yi tsakiya. Tun da aka sake buɗe iyakar matasa suke tambayar ranar komawa, kwamitin bishara kuwa ya ce ba za a sa rana ba sai an zauna an duba abin da ya faru a waccan tafiyar. Ni aka ɗora wa aikin bin waɗanda suka je, ɗaya bayan ɗaya, in ji ta bakinsu. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da na ikilisiyar da na ƙauyen, domin duk suna nan muna haɗuwa a sujada ranar Lahadi.

Bas ɗaya ta kwashe su. Uban tafiya dattijon ikilisiya ne, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya. Akwai wata uwa daga zumuntar mata, wadda ake kira Mama, mai kula da 'yan mata da tukunya. Sauran matasa ne: shugaban matasa, mai baiwar wa'azi, wani ɗalibin likitanci da ya fara zagayen marasa lafiya a asibitin koyarwa na Shika, 'yan ƙungiyar mawaƙa, wata yarinya mai ɗinki a Sabon Gari, sai wani saurayi manomi daga wani ƙauye ta wajen Giwa, wanda aka ɗauka saboda ya iya gyaran janareto. Sun daɗe suna shiri. Sun haddace wasan kwaikwayo, sun gyara waƙoƙi, sun ɗaure lasifika da majigi a kan bas, suka bi ta Funtuwa da Katsina, suka ƙetare ta Jibiya.

Daren da suka sauka, faston da ya gayyace su ya yi musu bayanin da bai yi wa kowa daɗi ba. Ya ce a bar lasifikar a ɗaure. Kiristoci a Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma ba a manta da watan Janairun 2015 ba, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Shekaru ya yi yana gina zaman lafiya tsakaninsa da maigari da liman, ba zai bari baƙin mako biyu su rushe masa ba. Abin da ya sa garin yake riƙe da shi, in ji shi, ɗan ƙaramin ɗakin shan magani ne da ikilisiyarsa take gudanarwa, da wani dogon ɗaki a bayansa inda mata masu yoyon fitsari suke sauka suna jiran layinsu a babban asibiti, wasu kuma su dawo nan su huta bayan an yi musu aiki. Ruwan sama ya rufta da masai ɗaya, ɗayan ya kusa cika. Mace ɗaya tak ke share wurin da wanke-wanken marasa lafiya. Ya ce in da gaske taimako suka kawo, to ga inda ake bukatarsa.

Wanda bai taɓa zama kusa da mai wannan ciwo ba, ba zai san nauyin abin da aka roƙe su ba. Yoyon fitsari yawanci daga doguwar naƙuda yake zuwa. Kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu, ya bar kafa. Daga nan fitsari ba ya tsayawa, dare da rana, wani lokaci har da bayan gida. Sau da yawa jaririn ma ba ya zuwa da rai. Mu a Zariya ba baƙon abu ba ne, ana yin aikin a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ana yi a Babbar Ruga ta Katsina, can kuma akwai cibiyar Danja a kudu da Maradi da aka buɗe a 2012. Amma aikin likita na sa'o'i ne. Abin da ke cin kwana da kwanaki shi ne wanki: zannuwa, tsummokara, ledar shimfiɗa, bokitan dare, da daɓen ɗaki da ya sha fitsari har zarni ya kama bango. Matar da ke wannan aiki, wadda kowa yake kira Inna, Musulma ce, ita ma da ciwon ta zo shekarun baya, ta warke, mijinta bai mai da ita ba, ta zauna.

Tawagar ta amsa da "to". Babu wanda ya ƙi a baki, kuma nan ne matsalar ta samo asali. Ba a rubuta wa zai yi me ba. Aka bar wa kowa zuciyarsa, sai aikin ya gangara kamar ruwan damina, ya nemi inda ya fi kwari ya kwanta. Ɗalibin likitanci ya shige ɗakin magani yana auna jini, abin da ba laifi ba ne. Shugaban matasa ya tara yaran unguwa yana koya musu waƙa. Mawaƙa suka ce za su taya Mama girki, mutum biyar a kan tukunya ɗaya. Kwana uku, wanki ya zama na yarinya mai ɗinki, ɗiban ruwa da zubar da bokitai ya zama na saurayin Giwa. Ba wanda ya umarce su. Su ne kawai ba su da wani abin da za su fake da shi.

Yarinyar ta gaya mini cewa ba warin ne ya sa ta kuka ba, ko da yake ranar farko ta yi amai har sau biyu a bayan ɗaki, a ɓoye, don kada matan su gani su ji kunya. Abin da ya sa ta kuka wata magana ce da ta ji ta taga, wani daga cikin mawaƙa yana cewa game da saurayin, "Ai shi ya saba, a ƙauye ya tashi." Ta ce a nan ta gane yadda ake kallonsu su biyun. Da dare ta je wurin uwar zumunta ta shimfiɗa mata hannuwanta da suka tsattsage, ta ce, "Mama, ni ban ƙi aikin ba. Amma don Allah me ya sa mu kaɗai?" Mama ta ce, "Yi shiru 'yata, ban lura ba, amma yanzu na gani." Ta shafa mata man kaɗanya, ta fita ta sami uban tafiya.

Abin da dattijon ya yi washegari shi ne ɓangaren da aka fi ba da labarinsa a ikilisiya, kuma a ganina shi ne ɓangaren da aka fi fahimta a karkace. Bai tara kowa ya yi faɗa ba. Da asuba ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki bokiti da tsintsiya da galan ɗin ruwan kulorin, wanda can suke kira jabel, ya nufi masai. Niyyarsa matasa su farka su gan shi su ji kunya. Sun kuwa ji. Amma ba su kaɗai ba. Matar fasto ta fito a guje ta durƙusa a gabansa tana roƙo, "Baba, ka rufa mana asiri, ka ajiye. Me za a ce a gari, mun sa dattijo, baƙonmu, wankin masai?" A ƙasar Hausa, ko ta nan ko ta can, babba ba ya riƙe tsintsiya yaro na tsaye, baƙo kuma ba ya shara a gidan da ya sauka. Abin da shi ya ɗauka ƙasƙantar da kai ne, su sun gan shi a matsayin tonon asiri.

Inna kuwa ta tsaya daga nesa ba ta ce uffan ba, daga baya ta ƙi cin abinci. Da matar fasto ta matsa mata, sai ta ce ita ta ɗauka an kai ƙararta ne cewa ba ta iya aikinta ba, an kawo mutanen Nijeriya su nuna mata, daga nan a sallame ta. Wannan ɗan abin da ake biyanta shi ne abincinta. Bayan haka akwai ɓarnar da aka yi. Dattijon ya tuttula kusan rabin galan a cikin ramin, ya kuma zuba sauran kai tsaye a kan daɓen da fitsari ya kwanta. Kulorin idan ya haɗu da tsohon fitsari yana ta da iska mai yaji da ke cin ido da maƙogwaro, shi ya sa ya fito yana tari. A cikin rami kuma yana kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da abin da ke ciki, ramin ya fi saurin cika. Galan ɗin nan na wata guda ne a hannun Inna.

Ina girmama wannan dattijo, kuma abin da ya yi bayan nan ne ya ƙara masa girma a idona. Da fasto ya fayyace masa, bai kare kansa ba. Ya tafi har inda Inna take zaune, ya tsaya daga bakin tabarma, ya ce, "Inna, na shiga aikinki ba da izininki ba, na kuma ɓata miki kaya. Ki yafe mini. Daga yau ke ce shugabarmu a wannan aiki. Abin da kika ce a yi, shi za a yi, wanda kika ce ya sake, zai sake." Ta ce, "Malam, ba komai." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Amma kai ba za ka taɓa masai ba. In kana son aiki, ka zauna bakin rijiya ka riƙa ƙirga bokitai." Ya karɓa. Mutumin da ya shekara talatin yana ba da umarni a aji, kujerar ƙirga bokiti aka ba shi, ya zauna a kai har aka tashi.

A daren aka rubuta jadawali a bayan kwali aka manna a ƙofa. Inna ce ta raba aikin, kuma rabonta ya nuna sanin da babu wani a tawagar da yake da shi. Namiji ba zai taɓa zanen mara lafiya ba, ba zai shiga ɗakinsu ba, don matan sun gwammace su kwana cikin jiƙa da wani saurayi ya ga tsummansu. Saboda haka wanki da gyaran shimfiɗa na mata ne, dukkansu, bi da bi, har da masu muryar waƙa. Maza su ɗebo ruwa, su kwashi bokitan da aka fito da su bakin ƙofa kafin gari ya waye, su goge dakalin masai, su haƙa sabon rami. Ta koya musu a fara ɗauraye fitsari da ruwa zalla, sannan sabulu, sannan kulorin da aka tsinka. Ta koya musu a riƙa watsa toka a rami don rage wari da ƙuda, a shanya leda a rana ta bushe ƙarau kafin a mayar. Ɗalibin likitanci ya san alƙaluman daga littafi: a lokacin kwalara ana amfani da mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari ga bayan gida da amai, 0.2 ga daɓe da gadaje, 0.05 ga wanke hannu. Inna ba ta san ko ɗaya da sunansa ba, amma da murfin galan da bokiti take aunawa, kuma da ya lissafa awon da take yi wa daɓe ya ga bai yi nisa da na littafin ba. Wurin sabon ramin ma ita ta nuna, can gangare, nesa da rijiya fiye da mita 30 da ake so a bari.

Ba kowa ne ya shiga da zuciya ɗaya ba, kuma bai kamata rahoto ya ɓoye haka ba. Ɗalibin ya kawo hujjar da take da ƙarfi. Ya ce, "Baba, in na yi awa biyu ina goge masai, awa biyu ke nan babu mai duba marasa lafiya. Kowa da baiwarsa." Har ya kawo Ayyukan Manzanni sura 6, inda manzanni suka ce bai dace su bar maganar Allah su koma rabon abinci ba. Dattijon ya amsa masa cewa ya karanta gaba kaɗan ya ga irin mutanen da aka zaɓa don rabon abincin, masu cike da Ruhu da hikima, Istifanas na cikinsu. Amma bai watsar da hujjar ba. Aka daidaita: yini na ɗakin magani ne, bokitan asuba kuwa babu wanda aka ɗauke wa. A ganina hukuncin ya yi daidai. Gaskiya ne a bar mai gwaninta ya yi aikin gwanintarsa. Sai dai na lura, a ikilisiyoyinmu, wannan magana ta "kowa da baiwarsa" ba ta taɓa ƙarewa da ɗan boko riƙe da bokiti ba, kullum a hannun talaka take sauke shi. Ɗalibin da kansa ya gaya mini cewa ranar da Inna ta sa shi ya sake goge dakali, a gaban yara, saboda ya bar lungu, ya ji zafin da bai taɓa ji ba ko a hannun manyan likitocin Shika. Ta ce masa kawai, "Ɗana, ƙuda ba ya sauka a tsakiya, lungu yake nema." Ya sake.

Shugaban matasa nasa ya zo ta wata hanya. Ya rungumi aikin da zafi, ya fi kowa haƙa, amma ya ba wani wayarsa ya ɗauke shi hoto a cikin rami, laka har gwiwa, don ya sa a Facebook. A bayan hoton ana hango mata biyu suna shanya tsummokaransu. Mama ce ta gani. Ta ce, "Ɗana, waɗannan matan daga garuruwansu suka gudo don kada a gan su. Kai kuma za ka kai su duniya?" Ya goge, amma ya yi kwana biyu yana cin magani, yana cewa ai shaida ce don a ƙarfafa masu ba da baiko. Wani daga cikin mawaƙan kuma, wanda ya yi maganar "ya saba", ya ce cikinsa na ciwo duk ranar da sunansa ya fito a kwali. Har aka dawo bai ɗauki bokiti ba, kuma har yau yana cewa an kai su bauta ne da sunan bishara. Na saurare shi sosai. Yana da gaskiya a abu ɗaya: ba a gaya musu tun daga gida abin da za su tarar ba.

Me tafiyar ta haifar? An gama sabon masai, an zuba masa dakalin siminti, an kewaye shi da zana. Ba a kunna majigi ko sau ɗaya ba. Babu wanda ya fito ya ce ya karɓi Almasihu, kuma da aka karanta rahoto a majami'a wasu sun tambaya ko kuɗin mota ya biya. Waƙoƙin da aka sha wahalar koyo, a bakin kwatami aka rera su, a hankali, ana cuɗa zannuwa, matan ɗakin suna saurare daga ciki. Wata daga cikinsu ta tambayi yarinya mai ɗinki nawa ake biyanta, ta ce ba a biyanta, ta ce to me ya kawo ta, sai yarinyar ta gaya mata labarin Yesu da ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Iyakar wa'azin da aka yi ke nan a tafiyar, kuma ba daga bakin mai wa'azin ya fito ba. Inna ta samu ta je ganin 'yarta a wani gari, ta kwana biyu, abin da ta daɗe ba ta yi ba don babu mai riƙe mata wurin.

Ni abin da na fi tsayawa a kai shi ne, mun saba ɗaukar irin wannan aiki a matsayin darasin da baƙo zai koya wa zuciyarsa, mu manta cewa aiki ne na gaske, mai ƙa'ida, kuma yana da mai shi. Kafin bas ta iso Inna na yinsa, bayan bas ta tafi ita za ta ci gaba. Ɗaukar tsintsiya na safiya ɗaya ba shi da wuya, har ma yana iya jawo yabo. Abin da ya yi wa mutanenmu wuya shi ne tsohuwar da ba ta yi boko ba, ba ta addininsu ba, ta duba aikinsu ta ce bai yi ba. Littafi Mai Tsarki bai ɗauki maganar masai ƙaramar magana ba. A Maimaitawar Shari'a 23 an umarci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan sansani, kowa ya riƙe abin haƙa ya rufe abin da ya yi, dalilin da aka bayar kuwa shi ne Ubangiji yana yawo a tsakiyar sansanin. Elisha ma, da aka tashi gabatar da shi ga sarakuna a 2 Sarakuna 3, da abin da aka san shi ke nan: shi ne mai zuba wa Iliya ruwa a hannu. Mu kanmu Kiristocin Zariya ta wannan hanya aka same mu. Dokta Walter Miller, ɗan mishan ɗin da ya zauna a cikin birni tun 1905 likita ne, kuma da mishan ta koma Wusasa a 1929 asibiti da makaranta suka tashi tare da majami'a. Muna tuna Miller da aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932, amma babu wanda ya riƙe sunayen waɗanda suka wanke gyambuna da tasoshin marasa lafiya a asibitin nan shekara da shekaru. Haka abin yake a Galmi ta Nijar, inda asibitin mishan yake tun 1950.

Saurayin Giwa, da na tambaye shi ko ya ji haushin kwanakin farko, ya ce ya ji, amma ba shi ne damuwarsa ba. Ya ce, "Malam, can mun gyara. To a nan fa? Wa yake wanke ban-ɗakin coci?" Na bincika. Wata gwauruwa ce, ita kaɗai, kowace Asabar da yamma da Litinin da safe, ba safar hannu, ba takalmin roba, kuma abin da ake ba ta ba a ƙara shi ba tun kafin a cire tallafin man fetur a 2023.

Kwamiti ya zauna a kan rahoton ya yanke abubuwa kaɗan. Ba za a sake tafiya ba sai mai masauki ya aiko da jerin ayyukan da yake bukata, an karanta wa masu son zuwa tun kafin su ba da suna. Za a rubuta jadawalin ƙazamin aiki tun daga Zariya, sunan shugabanni a sama, amma a bar wa ma'aikacin wurin ikon sauya shi. Safar hannu, takalman roba, sabulu da kulorin za su shiga kasafi kafin lasifika, a kuma bar wa masu wurin abin da ya rage. Ba hoto a inda marasa lafiya suke. Duk mai son zuwa sai ya yi wata uku yana taya gwauruwar nan aiki ranar Asabar, ita ce kuma za ta ce ya yi ko bai yi ba. A kan wannan na ƙarshen an yi gardama sosai, wasu iyaye sun ce ba su kawo 'ya'yansu coci don wankin ban-ɗaki ba, amma ya wuce. Maganar ƙarin albashinta an miƙa wa kwamitin kuɗi, sun ce sai zaman dattawa na gaba. Ranar tafiya kuma ba a sa ba tukuna, ana jiran abin da faston can zai ce game da tsaron hanyar Jibiya.